Tsuntsuwar Duwatsun Jos Da Aka Gano Ta Bakin Ɗan Riƙonta

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Bauci, ya san wata 'yar jar tsuntsuwa mai sauka tsakar gida da safe, tana tsince-tsince a gindin turmi bayan mata sun gama surfe. Ba ta cika tsoron mutane ba, har ma takan yi sheƙarta cikin jinkar ɗaki ko a jikin danga. Ita ce waɗansu ke kira baiwar Allah. 'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, musamman waɗanda suka daɗe rabonsu da gida, da wuya a ambaci wannan tsuntsuwa ba su tuna da tsakar gidansu ba.

To, ashe baiwar Allah tana da wata 'yar'uwa wadda ba ta shiga gari, ba ta san turmi ba, ba ta san jinka ba. Mazauninta tsakanin manyan duwatsun nan ne na ƙasar Jos, cikin Jihar Filato. Masana ilmin tsuntsaye ba su sa sunanta cikin littattafansu ba sai a shekarar 1998, ko da yake tun zamanin haƙar kuza Turawa masu sha'awar tsuntsaye suke zirga-zirga a ƙasar. Abin da ya fi ban mamaki kuwa shi ne hanyar da aka bi aka gane ta. Waƙarta aka tsinkaya a bakin wani baƙin tsuntsu wanda ba irinta ba ne, aka yi ta bin waƙar har ta kai ga mai ita.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Labarin waɗannan tsuntsaye biyu ya gaskata karin maganar, amma ta wata fuska da ba a zata ba.

KAMANNINTA

A nan za a riƙa kiranta baiwar Allah ta dutse, don a bambanta ta da ta gida. Masana kuwa sun raɗa mata suna da harshen Latin, watau Lagonosticta sanguinodorsalis. Kalma ta biyu cikin sunan ma'anarta mai baya kamar jini, kuma wannan jan baya shi ne babbar shaidarta.

'Yar mitsitsiya ce ƙwarai. Daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ba ta wuce santimita 10 ko 11 ba, watau kamar inci 4, nauyinta kuma wajen giram 10 ne. Namijin shi ne mai ado. Saman kansa toka-toka ne, amma fuskarsa da maƙogwaronsa da ƙirjinsa jajaye ne wur, bayansa kuma ja mai duhu har zuwa tushen wutsiya. A gefen ƙirji da kwiɓinsa akwai waɗansu fararen ɗige-ɗige ƙanana kamar an yayyafa masa gari. Ƙasan cikinsa da ƙarƙashin wutsiya baƙi ne, wutsiyar ma baƙa ce da ratsin ja a gefe. Macen ba ta kai shi ja ba. Kanta toka-toka ne da sirkin ruwan ƙasa, bayanta ja ne mai dishi-dishi. 'Ya'yan da ba su daɗe da barin sheƙa ba sun fi kama da ruwan ƙasa, sai daga baya jan yake fito musu.

Wanda yake so ya raba ta da ta gida cikin sauƙi, to ya dubi baki da baya. Bakin ta gida ja-ja ne, bayanta kuma ruwan ƙasa. Bakin ta dutse kuwa shuɗi-shuɗi ne mai toka, da baƙi a tsininsa, bayanta kuma ja. Waƙarta fito ne siriri, haɗe da wata 'yar ƙara mai karkarwa. In mutum bai natsu ba, sai iskar kan dutse ta tafi da ita bai ji ba.

INDA TAKE ZAUNE

Ƙasar Jos tudu ce mai faɗi, wadda tsayinta daga bakin teku ya kai wajen mita 1,280, watau kamar ƙafa 4,200. Duwatsun Shere da ke gabas da birnin Jos su ne suka fi tsawo, sun kai mita 1,829, watau ƙafa 6,000. Saboda wannan tudu ne sanyin Jos ya yi suna, kuma ruwan sama ya fi na sauran ƙasashen da ke kewaye da ita. Akan sami wajen milimita 1,400 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba.

Duk matafiyin da ya bi hanyar Akwanga ko ta Kafanchan ya hau zuwa Jos ya ga irin duwatsun ƙasar, manya-manya, masu santsi, wani kan wani kamar da hannu aka jera su, irin na Riyom da ake yawan ɗaukar hotonsa. A tsakanin waɗannan duwatsu ƙasa takan taru, ciyawa da ƙananan itatuwa su tsiro. To, nan ne gidan baiwar Allah ta dutse. Duwatsun suna ba ta maɓoya daga shaho da shirwa, suna ba ta inuwa da tsakar rana, ciyawar da ke tsakaninsu kuma ita ce rumbunta.

Ban da ƙasar Jos, ana samunta a dutsen Kagoro da ke kudancin Jihar Kaduna, da waɗansu duwatsu da ke warwatse a arewa da gabas da Jos, har zuwa duwatsun Mandara na kan iyakar Nijeriya da Kamaru. An kuma gan ta a arewacin Kamaru ɗin. Duk faɗin duniyar nan babu inda take sai nan. Ko a cikin wannan yanki ma ba ko'ina ba, sai inda akwai tarin dutse da ciyawa da ruwa kusa. Filin da ke tsakanin wani dutse da wani, in gonaki ne ko gari, ba ta zama cikinsa. Saboda haka mazauninta ya zama kamar tsibirai a tsakiyar ruwa, kowane da mutanensa.

Tana da 'yan'uwa na kusa, su ma masu son wurin duwatsu, ɗaya a ƙasar Mali da gabashin Sanagal, ɗaya kuma a kudancin Cadi da arewacin Kamaru. Amma kowace da kamanninta da waƙarta.

DAMINA DA RANI

Abincinta ƙwayar ciyawa ce, ƙanana irin girman acca, kuma a ƙasa take tsintarsu, tana tsalle-tsalle. Ta fi fita kiwo da sassafe da kuma yamma lis. In rana ta take sai ta koma ƙarƙashin dutse ko cikin duhuwa ta huta. Yawanci bibbiyu ake ganinsu, mace da namiji, domin auren mace ɗaya suke yi, kuma ba su cika ƙaura daga dutsen da suka saba da shi ba.

Waɗansu masana biyu daga Jami'ar St Andrews ta ƙasar Sikotilan sun bi diddigin rayuwarta a kusa da Jos, suka buga sakamakon bincikensu a shekarar 2008. Dabarar da suka yi ita ce, sukan kama tsuntsuwar da raga siririya, su sa mata zobe a ƙafa don shaida, su manna mata wata 'yar na'ura mara nauyi mai aika sauti ta iska, sa'an nan su sake ta. Da haka suka riƙa sanin inda take kiwo da inda take zuwa shan ruwa.

Abin da suka gano shi ne, da damina ba ta nisa da dutsenta, domin ga abinci ga ruwa a kwance cikin kwarmin duwatsu. Amma in hunturu ya shigo, ruwan kan dutse ya ƙafe, sai tilas ta riƙa saukowa tana dogon tashi zuwa rafukan da ke cikin kwari, inda itatuwa suka yi kurmi a bakin ruwa. Tsuntsu mai cin busasshiyar ƙwaya ba ya jure ƙishirwa. Saboda haka filin yawonta da rani ya fi na damina faɗi. Wannan ya nuna cewa dutse kaɗai bai ishe ta ba. In aka bar mata dutsen amma aka sare kurmin bakin rafi har rafin ya ƙafe, to an kore ta ke nan ko da ba wanda ya taɓa ta.

SHEƘA DA ƘWAI

Lokacin haihuwarta ƙarshen damina ne zuwa farkon kaka, watau daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Dalili kuwa a fili yake, domin a sa'an nan ne ciyawa take nuna, ƙwaya ta wadata, iyaye su sami abin ciyar da 'ya'ya ba wahala.

Neman aure a wurin wannan dangi abin kallo ne. Namiji yakan ɗauki zaren ciyawa ko gashin tsuntsu a bakinsa, ya tsaya kusa da mace, ya ɗaga kai sama, ya riƙa ɗan tsalle yana sauka a wuri ɗaya, yana rera waƙarsa. In ta amince, sai su shiga aikin gini.

Sheƙar irin ta danginsu ce, dunƙulalliya kamar ƙwallo, da busasshiyar ciyawa, ƙofa a gefe, ciki kuma an shimfiɗa abu mai laushi. Sukan ɓoye ta sosai kusa da ƙasa a cikin duwatsun, ta yadda mutum zai wuce ta gabanta bai gani ba. Ƙwan farare ne fat, kuma a wannan dangi akan sami 3 zuwa 5 a sheƙa ɗaya. Mace da namiji duka suna kwanci, suna karɓa-karɓa, har kusan mako 2 kafin a ƙyanƙyashe. Bayan haka su biyun ne suke ciyarwa. Sukan haɗiyi ƙwaya su zo su amayo wa 'ya'yan a baki. Kafin mako 3 ya cika 'ya'yan sun yi gashi sun fita, amma iyayen sukan ci gaba da ba su abinci na 'yan kwanaki har su iya tsinta da kansu.

Duk da ɓoyon nan, sheƙuna da yawa ba sa kai labari, domin masu cin ƙwai da 'yan tsaki ba su da iyaka a cikin duwatsu. Sa'an nan ga wani baƙo wanda shi ba cin ƙwan yake yi ba, ƙari yake kawowa.

ƊAN SHUNI

Wannan baƙo wani ɗan tsuntsu ne wanda girmansa bai fi nata da yawa ba. Sunan da Turawa suke kiran irinsa ma'anarsa tsuntsun shuni, domin a lokacin haihuwa namijin yakan rikiɗe ya zama baƙi ƙirin mai walƙiya, kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu. A nan za a kira shi ɗan shuni. Iri 10 ne ake da su, dukkansu a Afirka, kuma dangin zalaiɗu ne mai dogon bindi. Na ƙasar Jos ɗin, wanda masana ke kira Vidua maryae, walƙiyarsa tana da sirkin kore, fukafukansa ruwan ƙasa, bakinsa fari-fari. Macen kuwa ruwan ƙasa ce mai zane-zane, ba ta da wani ado. In lokacin haihuwa ya wuce, namijin ma yakan tuɓe baƙar rigar ya koma kamar macen.

Ɗan shuni ba ya gina sheƙa, ba ya kwanci, ba ya reno. Aikin namijin shi ne ya zaɓi ƙololuwar wani itace, ya wuni a kai yana waƙa, mata suna zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya. Macen kuwa, in ƙwai ya zo mata, sai ta riƙa fakon baiwar Allah ta dutse har ta gano inda ta ɓoye sheƙarta, ta faki ido ta shiga ta saka nata ƙwan cikin na masu gida, ta yi tafiyarta. Ƙwan nata ma fari ne, sai dai ya ɗan fi girma kaɗan. Masu gida su dawo su ci gaba da kwanci har a ƙyanƙyashe tare.

Akwai waɗansu tsuntsaye a duniya masu irin wannan hali, waɗanda ɗansu da zarar ya fito sai ya tunkuɗe ƙwai ko 'ya'yan masu gida waje, ya zauna shi kaɗai. Ɗan shuni ba ya haka. Tare yake tashi da 'ya'yan gida, ci ɗaya, kwana ɗaya, har su fita tare. Amma duk da haka baki ɗaya ya ƙaru a gidan, kuma wahalarsa a wuyan masu riƙo take.

Mai karatu zai ce, to yaya iyayen ba sa gane baƙo? Amsar tana cikin bakin 'yan tsakin. 'Ya'yan wannan dangi in suka buɗe baki neman abinci, akwai waɗansu baƙaƙen ɗige-ɗige a saman bakin ta ciki, da waɗansu 'yan ƙuraje masu haske a kusurwar baki, kuma tsarin ya bambanta daga iri zuwa iri. Su ne shaidar da iyaye ke gani cikin duhun sheƙa su zuba abinci. To, ɗan tsakin ɗan shuni da irin shaidar gidan da ya saba sauka yake zuwa duniya, har irin juya kai da kukan roƙon abinci yana kwaikwayo.

Wannan al'amari ba a kan dutse kaɗai yake faruwa ba. Baiwar Allah ta gida ma tana da nata ɗan shunin, mai farin baki da jajayen ƙafafu, wanda ake gani da kaka a kan itatuwan bakin gari yana ta waƙa. Kowane irin ɗan shuni da gidan da ya saba sauka.

YADDA WAƘA TA TONA ASIRI

Wani shehun malami Ba'amurke mai suna Robert Payne, na Jami'ar Mishigan, shi ne ya ƙarar da yawancin rayuwarsa kan binciken waɗannan tsuntsaye. Tun cikin shekarun 1960 yake yawo a ƙasashen Afirka da rikoda yana ɗaukar waƙoƙinsu. Ya lura cewa waƙar namijin ɗan shuni kashi biyu ce. Kashi ɗaya surutu ne mai kaushi irin na danginsa. Kashi na biyu kuwa kwaikwayo ne tsantsa na waƙar tsuntsun da ya rene shi. Saboda haka in ka saurari ɗan shuni da kyau, ba sai an gaya maka gidan da ya tashi ba.

A shekarar 1982 Payne ya ba ɗan shunin ƙasar Jos suna. A lokacin ana ɗauka cewa jar tsuntsuwar da ake gani a duwatsun wata sananniyar 'yar'uwar baiwar Allah ce da ake samu a ƙasashen Afirka da dama. Amma da aka gwada waƙar da ɗan shunin Jos yake kwaikwayo da waƙar waccan sananniyar, sai aka ga ba su zo daidai ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. In ɗan riƙo yana rera waƙar da ba a san mai ita ba, to lalle akwai wani gida da ba a sani ba.

Cikin shekarun 1990 Payne ya sake komawa duwatsun Jos, aka kama jar tsuntsuwar aka duba ta a hannu, aka ɗauki waƙarta daga bakinta. Sai ga jan baya wanda waccan ba ta da shi, ga kuma waƙar daidai wa daida da wadda ɗan shuni yake rerawa. A shekarar 1998 ya buga bayaninta a mujallar masana tsuntsaye ta ƙasar Ingila mai suna Ibis, ya tabbatar cewa iri ce mai zaman kanta. Ba shakka manoma da makiyaya da yara na ƙauyukan ƙasar sun daɗe suna ganinta. Abin da ya faru a 1998 shi ne duniyar ilmi ta san cewa babu irinta a wani wuri sai wannan yanki.

GWAJIN DA AKA YI A KEJI

Sauran tambaya ɗaya, shin ɗan shuni gādon waƙar yake yi cikin jini, ko kuwa koyo yake yi? Payne da abokan aikinsa sun warware wannan a Amurka. Suka ɗauki ƙwan ɗan shunin da ke sauka gidan baiwar Allah ta gida, suka sa shi ƙarƙashin wani ɗan tsuntsun keji ɗan asalin ƙasashen Asiya, wanda kakanninsa ba su taɓa haɗuwa da ɗan shuni ba. Da mazan suka girma, sai suka riƙa rera waƙar wannan tsuntsu na Asiya. Matan da aka rena haka kuwa, da suka isa aure, sai suka fi karkata ga mazan da ke rera waƙar gidan riƙonsu, kuma da ƙwai ya zo musu, sheƙar irin tsuntsun da ya rene su suka nema.

Watau dai da kunne ake ɗaukar waƙar tun ana cikin sheƙa, kamar yadda kowane yaro yake ɗaukar harshen da ya buɗe kunne ya ji ana yi a gidan da ya tashi. Kukan gidansu da karin magana ta faɗa, a wurin ɗan shuni, kukan gidan da aka ciyar da shi ne.

Wannan ya bayyana abin da ya ɗaure ɗan shunin Jos da baiwar Allah ta dutse. Namijin waƙarta yake yi. Macen mai waƙarta take aure, sheƙarta kuma take nema. 'Ya'yan su sake tashi a gidanta, su sake koyon waƙarta. A shekarar 2003 Payne da waɗansu masana biyu suka nuna, ta hanyar binciken ƙwayoyin gādo, cewa ta irin wannan hanya ce ire-iren ɗan shuni suka rarrabu tun asali. In wata mace ta yi kuskure ta saka ƙwai a gidan wani tsuntsu dabam, kuma 'ya'yan suka rayu, to zuriyarsu sai ta bi sabuwar waƙa, ta daina auratayya da sauran.

DAJIN AMURUM

Wurin da aka fi sanin waɗannan tsuntsaye biyu shi ne dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, wajen kilomita 15 daga birnin Jos, watau kamar mil 9. Ɗan ƙaramin daji ne, faɗinsa wajen hekta 300, amma ya haɗa abubuwa ukun da tsuntsuwar take bukata, watau tarin duwatsu, da fili mai ciyawa da ƙananan itatuwa, da kurmin bakin rafi. An ƙidaya tsuntsaye wajen iri 300 a cikinsa, alhali Nijeriya duka tana da iri sama da 900.

A shekarar 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye a wurin, wadda ake kira APLORI a taƙaice. Sunan A. P. Leventis ta ci, na gidan Leventis ɗin nan da 'yan kasuwa suka sani, domin shi ne ya ɗauki nauyin kafa ta, tare da Jami'ar Jos, da mutanen Laminga masu ƙasar, da ƙungiyar kare daji da namun daji ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1980, mai hedkwata a Lekki ta nan Ikko. Cibiyar ta koyar da ɗalibai daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma har zuwa digiri na biyu, kuma a wannan daji ne aka yi binciken 2008 da aka ambata a baya.

Mazauna Badun ma suna da irin wannan amana kusa da su. Akwai wani tsuntsu dangin kabare, mai ja da baƙi, wanda aka ba suna a 1958 da sunan birnin, kuma ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Nijeriya.

ABIN TSORO

Ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, watau IUCN, ba ta sa baiwar Allah ta dutse ko ɗan shuninta cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu ba. Abin da ya taimake su shi ne garma ba ta shiga tsakanin manyan duwatsu. Amma wannan bai isa a saki jiki ba, domin tsuntsun da duk duniyarsa 'yan tsibiran dutse ce, ɓarna kaɗan tana yi masa yawa.

Ƙasar Jos ta riga ta ga abin da hannun ɗan Adam yake iya yi. Haƙar kuza da kamfanonin Turawa suka fara tun farkon ƙarni na 20 ta bar ramuka da kududdufai birjik, kuma itatuwa masu yawa sun tafi a murhun barikokin leburori. Yau kuma mutane sun ƙaru, bukata ta ƙaru. Mai neman itacen girki yana hawa dutse ya sare 'yan itatuwan da ke tsakani. Mai noma yana matsawa har bakin rafi. Dabbobi in sun yi yawa a wuri ɗaya sukan cinye ciyawa tun ba ta yi ƙwaya ba. Wutar daji, in an sa ta da wuri, tana iya tarar da sheƙa da 'ya'ya a ciki, kuma ta ƙone abincin rani. Masu fasa dutse don gini kuwa, gidan ɗungum suke ɗaukewa a mota. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan abincinsa yake nema, ba wanda ya fito da niyyar cutar tsuntsu. Amma in aka haɗa ayyukan wuri ɗaya, sakamakon ɗaya ne.

Asarar kuma biyu ce a ƙulli ɗaya. Duk dutsen da baiwar Allah ta bari, ɗan shuni ma ya bar shi ke nan, domin ba shi da wata sheƙa da ya sani, ba shi da wata waƙa da matansa za su amsa. Abin da dajin Amurum ya nuna shi ne maganin ba mai tsada ba ne. A bar waɗansu duwatsu da ciyawarsu, a bar itatuwan bakin rafi, a kula da wuta, kuma a yi abin da yardar masu ƙasa.

Mai karatu da zai tafi ganin gida ta hanyar Jos zuwa Bauci, ko Gombe, ko Maiduguri, in tafiyar ta faɗo cikin Oktoba ko Nuwamba, yana iya sa ido in mota ta tsaya kusa da duwatsu da safe. In ya hangi wani ɗan baƙin tsuntsu mai walƙiya a ƙololuwar itace yana waƙa ba ji ba gani, to ya kasa kunne. Cikin surutun zai ji wani fito siriri yana ratsawa. Wannan fiton na masu riƙonsa ne, kuma alama ce cewa suna nan kusa, ƙarƙashin wani dutse, suna kwanci.